Bel da Sarƙa a Cikin Injin Ƙaramar Mota

A garuruwanmu yanzu ba a rasa mai ƙaramar mota. Wani shanu ya sayar ya saya. Wani kuwa 'yan'uwa ne suka haɗa masa kuɗi, don ya riƙa jigilar fasinja ranar kasuwa, gida ya sami na cefane. Motar nan ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ita ke kai buhunan wake bakin titi. Ran da ta tsaya, gida duka sai ya ji a jikinsa.

Sa'ad da mu ke sayen mota mu kan duba taya, mu duba fenti, mu saurari kukan inji. Amma akwai wani abu da ba mu cika tambaya ba, gama a ɓoye ya ke. Shi ne abin da makanikai ke kira taimin. A wata motar bel ne na roba. A wata kuwa sarƙa ce ta ƙarfe. A kansu za mu yi karatu yau, mu ga aikinsu, mu ga kuma yadda ko wanne ke cin kuɗin mai mota.

Aikin taimin

Cikin inji akwai waɗansu ramuka kamar turame. Sunansu silinda. Yawancin ƙananan motoci guda 4 gare su, waɗansu kuwa 3. Cikin ko wane silinda akwai fistan, yana hawa yana sauka kamar taɓarya. A saman silinda akwai 'yan ƙofofi na ƙarfe, su a ke kira bawul. Ta wata ƙofa iska da fetur ke shiga. Ta wata kuma hayaƙi ke fita zuwa salansa.

Ƙofofin nan ba da ka su ke buɗewa ba. Ko wace tana da lokacinta. A ƙasan inji akwai wani dogon ƙarfe da fistan ke juyawa, sunansa kiranshaf. A sama akwai wani kuma, sunansa kamshaf, shi ke danna bawul su buɗe. In na ƙasa ya juya sau 2, na sama sau 1 zai juya, ba ƙari ba ragi. Abin da ya haɗa ƙarafan nan biyu, ya ke riƙe musu lissafi, shi ne bel ko sarƙa.

Duk mun taɓa ganin mata biyu suna daka a turmi ɗaya. Wannan na ɗagawa, waccan na saukewa. Turmi ɗaya ne, amma taɓare ba su haɗuwa, domin ko wace ta san lokacinta. In ɗaya ta kuskure fa? Sai taɓare su gwabza. To, haka fistan da bawul su ke a injuna da yawa. Wurin da bawul ke leƙowa in ya buɗe, nan fistan ke isowa in ya hau. Taimin ne kaɗai ke hana su karo.

Kuma dakan nan ba na wasa ba ne. In mota na gudu a kan titi, inji na iya juyawa sau 3,000 cikin minti guda. Watau ko wane bawul yana buɗewa yana rufewa sau 25 cikin sakan ɗaya. Kafin mutum ya ƙifta ido an yi abin da za a yi.

Kada mu haɗa shi da fambel. Fambel shi ne wanda mu ke gani a fili da zarar an buɗe gaban mota, yana juya abin cajin batir. In fambel ya tsinke, jar fitila ta kan kama, direba ya tsaya ya sa wani. Bel na taimin kuwa yana bayan murfi, kuma haƙora gare shi a ciki kamar na zarto.

Da can sarƙa a ke sawa, ko ƙafafun ƙarfe masu haƙora. Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975, sarƙa gare ta. Shi ya sa tsofaffin direbobi da yawa suka gama aikinsu ba su taɓa jin an ce a canja taimin ba. Wani kamfani na Jamus mai suna Glas shi ya fara fito da motoci masu bel da yawa kasuwa cikin 1962. Daga nan masu ƙera motoci suka bi, gama bel ba shi da nauyi, ba shi da ƙara, ba ya son mai, ga shi da arahar ƙira.

Halin bel

Bel roba ne, amma an saƙa zaruruwa masu ƙarfi a cikinsa don kada ya miƙe. Roba kuwa ta kan tsufa. Mun ga yadda takalmin roba ke tsattsagewa ko an ajiye shi a ɗaki ba a sawa. Saboda haka ko wane kamfani ya kan yanka wa bel wa'adi iri biyu, na tafiya da na shekaru. Wanda ya fara cika, shi a ke bi. Wa'adin ya bambanta daga mota zuwa mota. Waɗansu kilomita 60,000 ne, waɗansu 100,000, waɗansu sun fi haka. Na shekaru kuwa ya kan kama daga 4 ko 5 zuwa sama. Yana rubuce cikin littafin da ke zuwa tare da motar.

Ga wani abu da ya shafe mu ƙwarai. Zafi yana rage kwanan roba. Kamfanin Honda ya rubuta cikin littafin Civic mai bel cewa, wanda ke yawan tuƙi inda zafi ya wuce digiri 43, ya canja bel a kilomita 100,000, kada ya jira cikakken wa'adi. To, mutanen Sakkwato da Maiduguri sun san abin da watan Afrilu ke yi. Ba Turai mu ke ba. Gara mu bi gajeren wa'adi.

Abu na biyu da ke kashe bel shi ne baƙin mai. In sil na inji ya lalace, mai ya riƙa ɗiga a kansa, roba sai ta yi laushi, haƙora su zube. Na uku ƙura ce da tsakuwa. Mun sha ganin motoci a tasha babu murfin taimin. An kwance shi wajen gyara, yaron gareji ya yi ƙyuyar mayarwa, ko kuwa a ce wai an bar shi a buɗe don a riƙa ganin bel. Wannan ganganci ne. Tsakuwa guda in ta faɗa tsakanin haƙora a hanyar ƙauye, ta isa.

Babban aibin bel shi ne ba ya sallama. Sau da yawa ba ƙara, ba hayaƙi, ba wata alama. Inji na aiki lafiya lau da safe, da la'asar sai ya mutu a tsakiyar hanya. In direba ya murɗa makulli, sai ya ji inji na juyawa da sauri fiye da kullum, fayau kamar ba kome a ciki, amma ba ya tashi. Wanda ya ji haka ya cire hannunsa daga makulli. Kada kuma ya ce fasinja su sauko a tura. Ko wane juyi yana iya ƙara ɓarna.

Abin da zai biyo baya ya dogara ga irin injin. Akwai injunan da aka bar fili tsakanin fistan da bawul, ko bel ya tsinke ba su haɗuwa. Injin tsohuwar Corolla da a ke kira 4A-FE yana cikinsu. Mai irin wannan ya yi arziki, sabon bel kawai zai sa ya ci gaba. Amma a Civic mai bel, da Peugeot 206, da yawancin injunan zamani, babu wannan fili. Bel na tsinkewa kamshaf zai tsaya, waɗansu bawul su tsaya a buɗe, fistan kuwa bai sani ba, yana nan tafe. Sai ya doke su, su lanƙwashe.

Bari mu jera kuɗin da mai mota zai biya a ranar. Zai mayar wa fasinja kuɗinsu. Zai biya janwe, ko wata mota ta ja shi zuwa gari. Bakanike zai kwance kan inji duka. Za a sayi sababbin bawul, injin kuwa 8 gare shi ko 16, ko da ya ke ba duka ke lanƙwashewa ba. Za a sayi gaskit. Za a kai kan injin wurin masu gyaransa a zaunar da bawul. In fistan ya fashe, magana ta wuce gyara, sai dai a nemi wani inji na Kwatano. Mota za ta yi kwanaki a gareji ba ta kawo ko kwabo. Bayan wannan duka, bel ɗin nan da aka ƙi saya tun farko, tilas a saye shi.

In an canja shi kan kari kuwa, aikin yini ɗaya ne ko ƙasa da haka. Sai dai ba bel kaɗai a ke canjawa ba. Akwai 'yar ƙafa mai boris da ke ɗaure shi tamau, makanikai na ce mata tenshina. In boris ɗinta ya ci, sabon bel ma zai zame. A motoci da yawa kuma bel ɗin nan shi ke juya famfon da ke kai ruwa lagireto. Tun da an riga an kwance wurin, gara a canja su tare, a biya kuɗin aiki sau ɗaya. Wanda ya bar tsohon famfo don tsimi, bayan wata shida famfon ya soma yoyo, zai sake biyan kwancewa da ɗaurewa.

Halin sarƙa

Sarƙar taimin kamar ta keke ta ke, sai dai ta fi ƙarfi nesa. Tana can cikin inji a rufe, baƙin mai na wanke ta kullum. Ba a yanka mata ranar canji. In an kula da ita, ta kan kai ƙarshen ran inji.

Wannan ne ya sa mutane ke cewa mota mai sarƙa ba ruwanta da taimin. Maganar ba ta cika ba. Sarƙa da mai ta ke rayuwa. Ko wace gaɓa tata tana da ɗan ƙusa a ciki. In mai ya yi datti, ko ya yi kaɗan, ƙusoshin nan su kan ci kaɗan kaɗan, sarƙa ta ƙara tsawo, ta yi sako-sako. Haka ta keke ke yi in an bar ta cikin yashi ba mai. Har wa yau, abin da ke ɗaure sarƙar a yawancin injuna ƙarfin mai ne ke tura shi. Akwai kuma waɗansu dogayen robobi masu tauri da ta ke bi ta kansu, su ma su kan ci, su karye.

Saboda haka kuɗin sarƙa yana cikin juye. Mai mota da ke yin juye kan lokaci, da mai na ƙwarai irin wanda littafin motar ya ce, da sabuwar matata, yana biyan kuɗin sarƙarsa ne da kaɗan da kaɗan. Wanda ke sayen man da a ke aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, ko ya ce ƙari kawai zai riƙa yi ba juye, yana tara wa kansa bashi ne.

Amma sarƙa tana da kirki guda, ta kan yi sallama. In ta soma lalacewa, da safe sa'ad da aka ta da inji za a ji ƙara kacau-kacau daga gefen inji na ɗan lokaci, sa'an nan ta yi shiru in mai ya hau. Daga baya ƙarar ta daɗe. Fitilar inji ta kan kama, mota ta rage ƙarfi. Wanda ya kai ta gareji a lokacin nan ya tsira. Wanda ya ƙara ƙarar rediyo kuwa, wata rana sarƙa za ta tsallake haƙori, bawul su lanƙwashe kamar dai na mai bel.

Gyaran sarƙa ya fi canjin bel tsada. Dalili, tana ciki. Sai an zubar da mai, an kwance murfin ƙarfe na gaban inji, wani lokaci har da kaskon mai na ƙasa. Kayan kuma da yawa: sarƙar kanta, da ƙafafun haƙora, da robobin nan, da tenshina, da sil. In an gama a zuba sabon mai. Kuɗin aiki ya fi, kuɗin kaya ya fi.

Kada kuma mu ɗauka ko wace sarƙa gagara-badau ce. Kamfanin Volkswagen ya sa sarƙa a ƙananan injunansa masu suna 1.2 TSI da 1.4 TSI, aka yi ta kuka da ita a Turai saboda saurin sakewa. Cikin 2012, da ya fito da sabon injin Golf ta bakwai, sai ya koma bel.

Wace ce a motarmu?

Suna kaɗai ba ya isa. Mota ɗaya ta kan canja inji daga shekara zuwa shekara. Tsofaffin Corolla masu injin 4A-FE ko 7A-FE bel gare su. Corolla mai injin 1ZZ-FE, wadda ta fara fitowa a Amurka ƙirar 1998, sarƙa gare ta. Yawancin Civic har ƙirar 2005 bel ne, ƙirar 2006 mai injin 1.8 kuwa sarƙa. Golf 3 mai silinda 4, wadda ta cika tashoshinmu, bel ce. Nissan Micra mai fetur da aka ƙera daga 1992 zuwa 2002 sarƙa ce.

In babu littafi, a buɗe gaban mota a dubi gefen inji. In an ga murfin baƙar roba da ƙananan kusoshi, galibi bel ne a ciki. In murfin ƙarfe ne a liƙe, galibi sarƙa ce. Mun ce galibi, gama akwai sabon salo. Waɗansu injuna, kamar EcoBoost 1.0 na Ford da ya fito cikin 2012, da PureTech 1.2 na Peugeot, an sa musu bel a cikin mai, a rufe kamar sarƙa. In an zuba musu man da ba nasu ba, ko an jinkirta juye, bel ya kan riƙa marmashewa, ɓurɓushin ya toshe hanyar mai, inji ya ƙone. A ganinmu, mutumin da ke nesa da babban gari ya yi tunani sau biyu kafin ya sayi irin wannan.

To, wacce ta fi? In motoci biyu ne a gabanmu, lafiyarsu ɗaya, kuɗinsu ɗaya, mu dai mai sarƙa za mu ɗauka, muddin an ta da ita da sanyin safiya a gabanmu ba mu ji ƙarar nan ba. Mai sayarwa da ya riga ya ɗumama inji kafin mu iso, sai mu ce masa gobe da asuba za mu dawo. Amma mota mai bel ba abin gudu ba ce. Gyaranta sananne ne, kayanta na ko ina, ranarta kuma ana iya lissafa ta.

Sai dai lissafin yana da wuya a motar da ta zo daga Kwatano. Ba mu san wanda ya hau ta a can ba. Agogon da ke ƙirga tafiyarta kuma a kan mayar da shi baya. Saboda haka duk wanda ya sayi mota mai bel ta hannu, in ba a nuna masa takardar canji ba, ya ɗauka wa'adi ya cika. Ya cire kuɗin bel daga cikin kuɗin ciniki, ya canja shi kafin ya ɗauki fasinja na farko. A lura kuma, agogon motocin Amurka da mil ya ke ƙirga. Mil 1 kilomita 1.6 ne. Watau mil 60,000 ya kusa kilomita 100,000.

Lissafin asusu

Farashin kaya yana hawa yana sauka, saboda haka misali za mu yi. Daga Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne. Zuwa da dawowa 460 ke nan. In wa'adin bel kilomita 100,000 ne, direba zai yi sawu 217 kafin ya cika. A ce bakanike ya gaya masa bel da tenshina da famfo da kuɗin aiki za su ci Naira 65,000. In ya jefa Naira 300 a asusu ko wane sawu, 300 sau 217 ya ba da 65,100. Ranar canji na zuwa, kuɗi na nan, ba sai an sayar da akuya ba. Ko wane ɗan aji ya ɗauki hanyar da motar garinsu ke bi, ya tambayi kuɗin aikin a garejin kusa, ya yi nasa lissafin a kan allo.

Wajen sayen kaya a yi hankali. Jabu ya yi yawa a kasuwa, kwalinsa kuwa kamar na gaske. A je wurin mai shagon da aka sani, wanda za a iya koma masa. Kada a sayi bel na gwanjo da aka ciro daga wani inji, ko ya yi kyau a ido, gama ba wanda ya san shekarunsa.

Ranar aiki mai mota ya zauna a gareji. A jikin ƙafafun taimin akwai alamomi da kamfani ya yi, tilas su dace da juna. In an kuskure haƙori ɗaya, mota za ta tashi, amma ba ƙarfi, ga shan mai. Bakanike na ƙwarai in ya ɗaura bel ba ya zuwa ga makulli. Sai ya sa sifana ya juya inji da hannu sau 2, ya sake duba alamomin. In bai yi ba, ba laifi a ce masa, "Maigida, don Allah a juya da hannu mu gani tukuna." A tabbata an mayar da murfi da kusoshinsa duka. A karɓi tsofaffin kayan da aka cire, a gan su da ido.

Daga nan sai biro da littafi. A sami ɗan littafi a ajiye cikin aljihun mota. A dubi agogo, a kwafe lambar da ke jiki. In agogon ya mutu, kamar yadda na motocin haya da yawa ya ke, a gyara shi, ko kuwa a riƙa yin zane ɗaya a littafin ko wane sawu. A rubuta kwanan wata, da abin da aka canja, da lambar da za a sake canji. In agogo ya nuna 184,000, sai a rubuta haka:

An canja bel da tenshina da famfon ruwa a kilomita 184,000. Canji na gaba a 284,000, ko bayan shekara 5, wanda ya fara zuwa.